Baba mai keke da lamba ta uku

Talata, ranar masu karɓar maganin HIV, kun dai san yadda take yi mana a lab, wato ɗakin gwajin jini na asibiti. Kafin ƙarfe tara kwalabe masu shunayyan murfi sun cika tire, nas-nas sai leƙowa suke ta taga wai ko mun gama, alhali injin juya jini ko zagayen farko bai kammala ba. Wuta ta ɗauke, babbar firiza ta fara kukan nan nata mai tsinka zuciya, mai janareto kuma an neme shi sama ko ƙasa. Kofa, ɗan bautar ƙasan da ke aiki da mu, ya shigo da ƙosai a leda zai ci mana a kan teburin aiki, na kora shi baranda. Duk da haka da fara'ata na fara, don jiya Auta ta ba da hadda ba gyara, har Malam ya aiko a yi min albishir.

Wajen sha ɗaya da rabi Baba mai keke ya zo taga. Ba haka ake kiransa ba, kuma na sauya wasu abubuwa, kada wani ya ce ya gane shi.

Yana cikin mutanen aikin binciken nan na Oga, maza da suka haura 45 masu shan maganin HIV, da muke auna musu PSA, gwajin jini da ake neman alamar dajin furostet da shi, muna adana ragowar ruwan jinin a firiza don gwaje-gwajen gaba. Makon jiya aka ɗebi nasa. Yau likita ya miƙa masa takarda, ya ce ya je ya ga likitocin mafitsara, layi kuma har bakin ƙofa, ba damar dogon bayani. Shi ne ya taho wurina.

Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara da maigida. Sannan ya ce, "'Yata, ke kika ɗebi jinin nan, ke za ki fassara min shi."

Na ce, "Baba, fassara ta likita ce, mu namu aunawa."

Ko kallona bai yi ba. Ya zura hannu a aljihun gaban riga ya zaro littafin rubutu irin na 'yan firamare, ya sha naɗi a leda, bangon ya yi laushi don riƙo. Ya buɗe a kan dakalin taga. An ja layi da rula, kwanan wata a gefe, lambobi a jere. Ta farko a saman shafi, shekarar 2007, CD4 ɗinsa, wato yawan sojojin jikinsa, 88. A lokacin sai sojojin jikin mutum sun yi ƙasa da 200, ko ciwo ya kwantar da shi, ake ɗora shi a kan magani, ba irin yanzu da ake farawa da zarar an gano ba. Ya bi da yatsa yana karanta min, 140, 215, 330, har ya kai 640. Ya nuna inda aka canza masa tsohon maganin nan da ke zabge kumatu yana sa ƙafa ta riƙa zugi, ya nuna inda aka mai da shi ƙwaya ɗaya da dare. Daga baya wani layin ya fara, na yawan ƙwayar cuta a jini, shi kuma shekara da shekaru abu ɗaya aka rubuta da hannunsa: ba a gani ba, ba a gani ba, ba a gani ba. Har ƙorafi ya yi min cewa mun daina ƙirga masa sojojinsa. Na ce ai wanda ƙwayar ta kwanta a jikinsa kamar shi ba ya buƙatar CD4 kowane lokaci, wancan gwajin na shekara-shekara ya wadatar. Ya ce ya ji, amma shi dai ya fi son ya ga sojojin da idonsa.

Sai ya juya shafi. Ashe har ya ja layi na uku, ya rubuta 7.2 a ƙarƙashi.

"Wannan in ta hau, alheri," ya ce, yana nuna ta farko. "Wannan in ta sauka, alheri. To wannan ta ukun ina ta dosa? Ina da ciwon dajin ne ko ba ni da shi?"

Wallahi sai da na haɗiyi yawu. Na fito daga bayan taga na zauna a kan benci kusa da shi, na ce Kofa ya riƙe min aiki.

Na ce masa abin da muka auna wani sinadari ne da ƙullin nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara, wato furostet, yake yi. Kowane namiji na da shi a jini ɗan kaɗan. An saba cewa in ya wuce 4 a ƙara dubawa, shi kuma nasa ya faɗa tsakanin 4 da 10, wurin da ya fi ko'ina rikitarwa. Girman furostet na tsufa, wanda ba daji ba ne, yana ɗaga shi. Ciwon sanyin fitsari yana ɗaga shi. Wanda aka sa wa robar fitsari ma haka. Na ce, "Baba, hayaƙi ne aka hango a unguwa. Yana iya zama gobara, yana iya zama maƙwabciya ce ke hura murhu. Sai an je an leƙa."

Ya ce, "To wa zai leƙa?"

Na ce da farko za a iya maimaita gwajin bayan 'yan makonni. Na tambaye shi ko a kan keken ya zo ranar da aka ɗebi jinin. Ya ce da a kan me zai zo, jirgi? Daga bayan gari yake tuƙo shi, tun bayan asuba. Na ce to ranar maimaici ya hau adaidaita, ya bar keken ya huta kwana biyu kafin nan, don ana so mutum ya guji motsa jiki mai ƙarfi kafin gwajin. Maganar fitsarin dare da ɗigo da yunƙuri kuwa, da ƙyar ya amsa min, kansa a ƙasa, ni ma nawa a ƙasa. Da aka zo ɗaya tambayar, ta kusantar iyali cikin kwana biyu kafin gwaji, sai na miƙe na turo masa Kofa. Kofa kuwa kun san Hausarsa ta Ibadan. Ban ji yadda ya haɗa ta ba, na dai jiyo Baba ya tuntsire da dariya har da tari, yana cewa, "Yaro, Allah ya shirye ka."

Da na dawo dariyar ta wuce. Ya ce in faɗa masa gaskiya, cikin masu irin lambarsa nawa ne ke da dajin. Na ce a ƙididdigar ƙasashen Turawa, wajen uku cikin huɗu na waɗanda PSA ɗinsu ya hau, in an bincika ba a samun daji. Na ga fuskarsa ta saki. Da na yi shiru a nan da ya tafi da daɗinsa, amma gaskiya ya ce in faɗa, sai na ƙara cewa akwai kuma waɗanda lambarsu ke ƙasa da 4 amma suna da shi, kusan ɗaya cikin bakwai, kuma mu baƙar fata ciwon ya fi kama mu, a Ingila ma sun ce ɗaya cikin huɗu na baƙaƙen maza ne ke samunsa a rayuwa, Turawa ɗaya cikin takwas.

Ya yi shiru. Ya rufe littafin, ya mai da shi leda, ya naɗe a hankali. Sannan ya ce, ba da faɗa ba:

"To ashe ku ma ba ku sani ba."

Maganar nan ce ta hana ni sakat har yanzu da nake rubutun nan. Domin ai gaskiya ya faɗa. Mutum ne da lambobi suka riƙe masa amana kusan shekara ashirin. An ce masa sha magani lamba za ta hau, ya sha, ta hau. An ce ɗaya za ta sauka har a daina ganinta, ta sauka. Ya yarda da lab fiye da yadda wasu likitoci suka yarda da mu. Yau kuma an miƙa masa wata lamba da ta fito daga taga ɗaya, a kan takarda iri ɗaya, da hatimi iri ɗaya, amma ita ba ta cewa e, ba ta cewa a'a.

Gwajin nan tun asali don bibiyar wanda aka riga aka san yana da ciwon aka amince da shi a Amurka a 1986, sai a 1994 aka buɗe shi don neman ciwon a jikin masu lafiya. Richard Ablin, ɗaya daga cikin waɗanda ake danganta gano sinadarin da su, shi da kansa ya fito a 2010 yana sukar yadda ake auna kowa da kowa da shi. Iyakar 4 ɗin ma, yawancin jinin da aka yi nazari aka tsayar da ita ba namu ba ne. Dalilin da Oga ya nace da aikin nan ke nan, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari, sai mun tara namu samfurin kafin mu san lambar da ta dace da mazanmu. Amma amfanin wannan na 'ya'yan Baba ne ko jikokinsa. Shi abin da ya samu yau 7.2 ne da rashin barci.

Akwai gwajin da zai ɗan rage duhun, na PSA ɗin da ke yawo a jini bai maƙale da komai ba. In kasonsa ya haura 25 cikin 100 hankali ya fi kwanciya, in ya yi ƙasa da 10 sai a matsa bincike. Sinadarin yinsa muna jira tun kafin azumi. Bayan shi sai likita ya duba da yatsa, sai hoton MRI, sai a ciri ɗan nama a kai wa masu duba shi a madubi, nan ne kawai ake samun amsa ta haƙiƙa. Kowanne da kuɗinsa. Maganin HIV kyauta yake karɓa tun da gwamnati ta cire kuɗi a 2006, gwajin ƙwayar cutar ma kyauta. Daji kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Ban iya faɗa masa wannan ɓangaren ba, amma dattijo ne, ya sani.

Kada ku ce ina zagin PSA. Ni na ga ɗaya fuskar. Waɗanda ake kawowa a kan keken marasa lafiya, fitsari ya tsaya, baya na ciwo wata da watanni ana ta shan maganin basir da na sanyi, a auna a ga 600 ko 900, wani sai mun sirka jinin kafin inji ya iya karantawa. A nan lambar tana magana ƙarara, sai dai ciwon ya riga ya shiga ƙashi. Haka yawancin mazanmu ke zuwa, kuma shi ne dajin da ya fi kama maza a Najeriya. In za a ba ni zaɓi, gara 7.2 mai ruɗani. Amma ni ba ni zan kwana da ita ba.

Da zai tafi ya tsaya yana ɗaure ƙafar wando. Ya ce, "Kin san abin dariya? Lokacin da aka ce ina da wancan, na raba gado a zuciyata, na biya bashi, na nemi gafarar kowa. Komai na yi wa tanadi ban da tsufa. Ga shi ya zo da kayansa." Na ce Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Baba. Ya ce amin 'yata, Allah ya yi albarka. Na ce kada ya manta da adaidaita. Ya ɗaga min hannu.

Sauran ranar ta wuce a guje. Wata yarinya sabuwar zuwa, ɗan tsinken gwajin gaggawa ya nuna CD4 ƙasa da 200, muka bi ta da gwajin sanƙarau na jini da na tarin fuka na fitsari kafin ta bar asibiti. Samfur biyu sun zo jajir, jinin ya fashe a kwalba, na mai da su, Sista ta yi fushi, ta huce. Mai sito ya sake ƙirga kayan gwaji a gabana, tun da Amurka ta dakatar da tallafi a Janairun 2025 ya koma haka, ko an kawo sabbi ba ya sakin jiki. Oga bai dawo daga Abuja ba, na tura masa saƙo kan sinadarin nan, ya turo min alamar babban yatsa. Me zan yi da yatsa?

Abincin rana, babu. Cunkoso a hanya, na sayi rake na huce.

Da dare bayan yara sun kwanta na ba Baban Auta labarin, ban da abin da bai kamata ya ji ba. Ya saurara yana danna waya. Da na gama na ce, af, kai ma fa ka cika 46, kuma Alhaji marigayi da robar fitsari ya ƙarasa rayuwarsa, wanda mahaifinsa ya yi irin wannan ciwon ya fi kowa buƙatar a duba shi da wuri, ka biyo ta wurin aikinmu a ɗebi jininka. Ya ajiye wayar ya kalle ni. Ya ce, "Ba yanzu kika gama cewa lambar ba ta san abin da take faɗa ba?" Na ce ba haka na ce ba. Ya ce haka ya ji. Muka ɗan ja, na kawo masa masu 900, ya kawo min Baba mai keke. Daga ƙarshe ya ce to shi ke nan, zai zo bayan salla.

Wace sallar, bai faɗa ba.