Wai filin unguwa na waye a Abujan nan?

Duk mai yara a gefen Abuja, irinsu Kubwa, Nyanya, Karu, Gwagwa, Dei-Dei, Mpape ko Lugbe, ya san abin da zan faɗa tun kafin in faɗa. Da an yi dogon hutu shikenan gida ya rikice, ciki da falo ne ko ma ɗaki ɗaya, tsakar gidan kuwa an dame ta da siminti an jera jarkoki da janareto, yaro ya fita waje sai ya tarar da layi, layin kuma 'yan acaba da masu keke napep ne ke ta kai da komo. A nan suke kafa duwatsu biyu su ce raga ce, mota ta taho a ɗauke ƙwallo, ta wuce a ɗora. Ni dai wallahi gabana faɗuwa yake duk sanda na ga ƙaramin yaro ya bi ƙwallo a guje bai duba gabas ko yamma ba.

Abin da ke ƙara min ciwo shi ne garin nan fa ba haka aka zana shi ba. Tun 1976 da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar dawo da babban birni nan daga Legas, zuwa 1979 da aka fitar da babban tsarin garin, an yi tanadin filaye masu ciyawa da bishiyoyi, bakin rafuka da gindin duwatsu an ce a bar su haka nan, kowace unguwa kuma ta samu makarantarta da wurin shan iskarta. Shi ya sa in ka shiga Maitama ko Asokoro za ka ga kore ta ko ina. Millennium Park da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disambar 2003, zamanin Obasanjo, wajen hekta 32 ne, ranar Sallah kam ba masaka tsinke. Ga bakin tafkin Jabi, ga gidan namun daji na yara can Asokoro. Wurare ne masu kyau, na kai yarana sun ji daɗi sosai, amma mai 'ya'ya biyar da ke zaune a Dei-Dei, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya sa shi fasawa, in ya yi ƙoƙari ya kai su da Sallah. Yaro kuwa kullum yamma yake son wurin gudu, wanda zai taka da ƙafarsa ya je ya dawo kafin a kira magariba.

To wa ya kamata ya samar da wannan? A takarda dai amsar a fili take. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jero ayyukan ƙaramar hukuma, akwai kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da banɗakin jama'a, sannan akwai tituna da kwatoci da fitilun kan hanya da wuraren shaƙatawa da lambuna da buɗaɗɗun filaye. Abuja kuma tana da ƙananan hukumomi shida, AMAC (wato ta birnin Abuja da kewaye), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Sai dai ita Abuja daban take da jihohi, ƙasarta kakaf ta gwamnatin tarayya ce, minista ne ke ba da fili, ciyaman ba shi da ikon yanka wa kowa ko da taku ɗaya. Sashen da ke kula da lambuna da wuraren shaƙatawa ma a ƙarƙashin hukumar birnin yake, wato FCTA, gida ɗaya da masu duba gine-gine, waɗannan da ke zuwa su shafa jan fenti a katanga kafin rusau. Kenan ciyaman da kansila su ne kusa da mu, su muka zaɓa, su muke gani a wurin ɗaurin aure da ta'aziyya, amma takardar filin tana wani ofis can cikin gari. A tsakanin nan ne filayen unguwanni ke salwanta.

Akwai wani fili a ƙasan unguwarmu, jar ƙasa ce, ruwan sama ya zaizaye gefe guda, amma shi ne kaɗai ya rage da yara ke buga ƙwallo. Kwamitin unguwa muka ce bari mu shirya wa yara 'yar gasa ta hutu, layi da layi, a sayi kofi da riguna, mu kuma mu yi abin a hukumance don kar ranar wasa wani ya zo ya ce wa ya ba mu izini. Na fara tambayar wani dattijo da ya riga kowa zama a unguwar, na ce Baba, don Allah filin nan na waye? Ya ce yaro, tun da na zo garin nan nake jin ana cewa na gwamnati ne, wace gwamnatin kuma Allah ne masani. Muka je ofis ɗin da ya fi kusa da mu, na ce yallaɓai mun zo neman izinin fili ne na kwana biyu, ya karɓi takardarmu ya karanta da mutunci, ya ce Malam ai wannan ba a hannunmu yake ba, sai kun shiga gari. Muka shiga gari aka ce ai irin wannan ƙaramin abu a can wajenku za ku gama shi. Haka muka haƙura muka yi gasar da yardar mai unguwa kawai. Ranar wasan ƙarshe da jama'a suka taru, masu awara da zoɓo da rake suka kafa tire, sai ga wasu samari da ɗan littafin tikiti suna karɓar kuɗi a hannun matan nan. Filin da aka rasa mai shi ranar neman izini, ranar karɓar kuɗi kuma mai shi ya samu. Abin ya ɓata min rai ƙwarai, don ko kwandon shara ɗaya ba a taɓa ajiyewa a wurin ba.

Maganar hayar hol kuwa ita ta fi taɓa aljihun talaka kai tsaye. Islamiyyar yaranmu ta so yin walimar saukar Alƙur'ani, wuraren biki na 'yan kasuwa kuɗinsu ba na makarantar da ke rayuwa da kuɗin Laraba bane, sai aka ce a nemi wani ɗakin taro na hukuma da ke kusa. Ba a rubuta farashi a ko ina ba. Wanda ya fara zuwa aka faɗa masa kaza, wanda ya je bayansa da babbar riga aka faɗa masa wani kazan da ya fi. Bayan an daidaita sai ga kuɗin man janareto daban, kuɗin shara daban, na maigadi daban, da muka ce a ba mu rasit sai aka ce mai littafin rasit ɗin ba ya nan. Saura kwana kaɗan kuma muka ji an ba wasu masu biki ranarmu, da ƙyar wata baiwar Allah ma'aikaciya a wurin ta tsaya kai da fata, ta buɗe littafi ta nuna mu muka fara rubuta suna, Allah ya saka mata da alheri. Ba na cewa duk ma'aikatan nan mugaye ne, akasari albashinsu bai taka kara ya karya ba, kuma inda ba a kafa doka a bango ba kowa zai kafa tasa a baki. Amma ɗakin nan da kuɗin jama'a aka gina shi, rijiya ta bayar guga ya hana.

Kuma wannan ne fa dalilin da ya sa ranar Asabar za ka ga an toshe layi da kanofi da kujerun roba, suna ne ko kamu ko zaman makoki, mai mota ya yi ta zagaye yana masifa, mai lalura ya rasa ta inda za a fita da shi asibiti. Mutane ba son tare hanya suke ba. Da akwai hol ko fili mai sauƙin kuɗi wanda aka san farashinsa, aka san wa ake gani, aka san in ka biya ranarka ba za ta tashi ba, da yawansu can za su nufa, ita ma ƙaramar hukumar ta samu kuɗin shiga na halak da zai shiga asusu ba aljihu ba.

Sai lambunan cikin gari, waɗanda hukuma ke bayarwa haya ga 'yan kasuwa su kula da su. Manufar asali mai kyau ce, gwamnati ba za ta iya ban ruwa da yankan ciyawa a ko ina ba, a ba wani ya gyara ya ɗan ci riba. Amma ku zaga Wuse da Garki da Gwarinpa da yamma ku gani, da yawansu sun koma wurin gasasshen kifi da shisha da giya da kiɗa har tsakar dare, an zuba daɓe a inda ciyawa take, an yi rumfuna, wani ma har ginin bulo. Ba wurin da zan kama hannun 'yata 'yar shekara takwas in shiga da ita bane. Lokacin da Malam Nasir El-Rufai yake minista, daga 2003 zuwa 2007, an rushe gine-gine da dama da aka yi kan irin waɗannan filaye, an sha kuka an sha zagi, amma wasu filayen sun dawo. A 2022 kuma hukumar birnin ta ce lambuna su dinga rufewa ƙarfe bakwai na yamma, masu wuraren suka yi ta ƙorafi cewa lokacin ne ma cinikinsu ke farawa. Ni a ganina rufewa da wuri bai warware komai ba ga yaro. Mai suya ma sai ya ci abinci, ban ce a kore shi ba. Abin da ya kamata shi ne duk wanda aka ba lambu haya a gindaya masa sharaɗi a rubuce, rabin wuri ya zauna ciyawa da inuwa, a kafa lilo da abin zamiya, da rana yara su shiga kyauta, kuma a dinga zuwa dubawa, wanda ya saɓa a karɓe a ba wani.

Wani abin da ba a cika magana a kai ba shi ne mata. Samari ko ba fili za su tare layi su yi ƙwallonsu, 'yan mata fa? Iyayenmu mata da likita ya ce su dinga tattaki saboda hawan jini da ciwon suga fa, a ina za su taka? Maƙwabciyarmu Hajiya bayan sallar asuba take zagaya tsakar gida tana riƙe da bango, don hanyar waje ba gefen masu tafiya da ƙafa, ga ramuka ga babura. Ƙaramin fili mai katanga da bishiyoyin darbejiya da benci huɗu ko biyar da fitilar sola, a ware wa mata awa biyu da safe, wannan ba aikin biliyoyi bane. Kuɗin da ake kashewa a allunan taya murna da ake kafawa bakin titi ma zai yi.

Batun kuɗi ma yanzu uzurin ya ragu. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a dinga ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, duk da dai aiwatarwar tana ta jan ƙafa. Mu a Abuja muna ma da wata dama da jihohi ba su da ita, INEC ce ke shirya zaɓen ciyamomi shida da kansiloli 62, ba hukumar zaɓe ta gwamna ba, ƙuri'a tana da ɗan tasiri. Amma ranar zaɓen nan mutanenmu ba sa fita sosai, in kuma ɗan takara ya zo majalisa da yamma, abin da muke nema a wurinsa taki ne da shinkafa da gyaran taransifoma, ban taɓa jin wanda ya ce masa ranka ya daɗe filin yaranmu fa, me za ka yi a kai ba. Kansila ba zai iya ba da fili ba, gaskiya ne, amma zai iya ɗaukar takarda ya bi ta ofis-ofis har a fito da lambar filin a tsarin gari a tabbatar na jama'a ne, zai iya kai ƙudiri majalisar kansiloli a tsayar da farashin hayar hol, zai iya sa greda ta baje fili rana ɗaya.

Abin da nake roƙo bai wuce allo ba. Kowane fili da kowane ɗakin taro na hukuma a kafa masa allo a bakin ƙofa, da Hausa da Gbagyi da Turanci, a rubuta hukumar da ke da wurin, ofis ɗin da ake zuwa, kuɗin haya na yini da na rabin yini, asusun da ake biya, da lokutan da yara ke shiga ba ko sisi. Filin da aka kafa wa allo da sunan hukuma yana da wuya wani ya wayi gari ya sauke masa tifar yashi da bulo ya ce ai ya saya, irin yadda aka yi wa filin da yayyen yaran nan suka taso suna wasa a kai, yanzu shaguna ne a jere.

Mu dai a unguwarmu mun rubuta wa kansilanmu takarda, mai unguwa da limamai da fasto da shugabar mata duk sun sa hannu, mun nemi ya binciko mana matsayin filin nan a rubuce. Kafin amsa ta zo kowane gida zai kawo abin da ya sauwaƙa a sayi jar ƙasa a cike inda ruwa ya ci, wani mai walda a layinmu kuma ya ce in an kawo masa bututun ƙarfe zai haɗa mana raga biyu bai karɓi kuɗin aiki ba.