8 ga Nuwamba: hoton ƙirji, janareta da Marie Curie

Yau ce ranar masu ɗaukar hoton eksire ta duniya, ranar da masanin kimiyya Röntgen ya gano wannan haske a Jamus a 1895. A asibitinmu na ƙauye nan Jigawa ba a yi wani biki ba. Ɗalibai mata uku da aka turo mana koyon aiki sun iso tun ƙarfe takwas, ga marasa lafiya a kan benci, ga hazon hunturu ya fara sauka, wutar gari kuma babu.

Kafin a tayar da janareta na ba su labarin masaniyar kimiyya Marie Curie, domin a ganina ita ce uwar masu koyar da wannan sana'a. Baƙuwa ce a Faransa. An haife ta a Warsaw a 1867, lokacin Rasha na mulkin wurin kuma ba a ɗaukar mata a jami'a, sai ta tafi Paris a 1891 neman ilimi. Kowa ya san kyautar Nobel biyu da ta samu, 1903 da 1911. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikinta a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta haɗa motoci kusan 20 masu ɗauke da na'urar eksire, injin motar ne ke juya dainamo ya ba na'urar wuta, aka kuma kafa wuraren ɗaukar hoto kusan 200 a asibitocin soja. Ta koyi tuƙi da canza taya da kanta. Daga 1916 ita da 'yarta Irène suka horar da mata kusan 150, kuma darasin ya haɗa lantarki, sanin sassan jiki da wankin fim. Dalilin haɗa ukun nan a fili yake: a bakin daga ba injiniyan da za a kira, in hoto ya lalace mai ɗauka ce za ta gano inda matsalar take.

Ba a jima ba muka ga misali. Hoton farko, na wani dattijo mai tari fiye da sati uku, ya fito fari fat, huhun ba ya karantuwa. Ɗaya daga cikin ɗaliban ta ce, "Malam, ko mu ƙara ƙarfi mu sake?" Na ce mu fara duba mitar wuta. Ashe an kunna famfon rijiyar burtsatse a kan janaretan, to da an danna maɓalli wutar sai ta faɗi, na'urar ba ta ba da abin da aka saita mata ba. Ƙara lamba a irin wannan hali ɗora wa mara lafiya haske ne a banza. Aka kashe famfon, hoto na biyu ya yi kyau, aka haɗa Baba da ɗakin gwajin kaki, tunda hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci a kan tarin fuka.

Na daɗe da su a kan tsayuwar hoton ƙirji, saboda nan ake yawan ɓata fim. Mara lafiya ya tsaya ƙirjinsa manne da kaset, wato akwatin da fim ke ciki, haske ya shigo ta baya, tazara santimita 180. In an matso kusa zuciya za ta yi girman da ba nata ba, likita ya ɗauka kumburi ne. Haɓa a ɗage, bayan hannuwa a kan ƙugu, a turo gwiwar hannu gaba domin allon kafaɗa ya fice daga kan huhu. A tsuke hasken iya ƙirji. A manna alamar dama ko hagu kafin a ɗauka, ban yarda da rubutawa da biro daga baya ba. Sannan numfashi: a gwada sau ɗaya ba tare da danna komai ba. "Inna, ja numfashi sosai, riƙe, kada ki motsa." In ya cika za a ƙirga haƙarƙarin baya tara ko goma a saman tantanin da ya raba ƙirji da ciki. In bakwai aka gani, gindin huhu zai cunkushe kamar akwai ciwo alhali babu.

Abin da littafi ba ya kawowa shi ne kayan jikin mutanenmu. Laya, guru, sarƙa, ƙugiyar rigar mama, maɓallin kaftani, har kitso mai kauri da ya sauko kan kafaɗa, duk suna fitowa. A roƙa a cire cikin mutunci, a bayan labule, mace ta taimaki mace. Kuma duk macen da ke shekarun haihuwa a tambaye ta ranar al'adarta ta ƙarshe ko da tana da juna biyu, a keɓe, ba a gaban miji ko suruka ba.

Bayan azahar muka shiga ɗakin duhu, domin har yanzu da hannu muke wanki. Ruwan fito da hoto yana son digiri 20, minti biyar. In ya yi zafi dole a rage lokaci, in ba haka ba fim ya yi hazo. A ɗauraye, a sa a ruwan kama hoto kamar minti goma, sannan wanki da ruwa mai gudu minti ashirin zuwa talatin. Wanda ya yi gaggawar wankin, bayan 'yan watanni fim ɗinsa zai koma ruwan goro. Hunturu yana da nasa ta'adin guda biyu. Ƙura in ta kwanta a cikin kaset tana barin fararen ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto, yau ma mun goge kaset biyu. Busasshiyar iska kuma, in an fizgo fim da sauri, tana barin baƙin zane mai rassa kamar bishiya. A zaro shi a hankali, a riƙe ta gefe.

Curie ta rasu a 1934 da ciwon da ɓargo ke daina yin jini, ana danganta shi da hasken da ta sha tsawon shekaru ba kariya. Shi ya sa da na tarar da rigar dalma a ninke kan kujera raina ya ɓaci. Ninki yana fasa dalmar ciki, haske ya riƙa wucewa ta tsagar ido bai gani ba. A rataye ta kullum. Na kuma nuna musu lissafin tazara: wanda ya ja daga mita ɗaya zuwa biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken kawai zai same shi. Yaro in sai an riƙe shi, ɗan'uwansa ne zai riƙe sanye da rigar, ba ma'aikaciyar da ke cikin ɗakin kullum ba.

Mun tashi da hotuna goma sha huɗu, biyu aka maimaita. Gobe su ukun za su saita na hannu da na ƙafa da kansu, kowanne ta fuska biyu, gaba da gefe, domin karaya takan ɓuya a ɗaya.