Harafi biyu kacal

Laraba. Tun da rana nake jin haushin kaina, duk a kan kalmar Turanci mai harafi biyu, wato "it".

Madam ce ta leƙo ofis, ta ce min da Turanci ba a karɓi shawarar da ta kwana uku tana rubutawa ba. Ni kuwa tun jiya na ji labarin a bakin Oga, sai na yi caraf na ce, "I knew it." Nan take fuskarta ta canza. Ta dube ni, ta tambaya ko dama haka nake zato, ta ja ƙofa. Wallahi nufina kawai an riga an faɗa min.

Da dare na kira Yaya. Sai da ya gama dariyarsa tsaf, sannan ya ce da "I knew that" na ce, da ba a yi haka ba. Wai "that" nuni take yi ga maganar da aka furta yanzun nan, ta ɗauke ta ɗungurungum, kamar yadda muke cewa "hakan". Ita kuwa "it" ana ɗora ta ne a kan abin da tuni hankali yake kansa. Shi ya sa abin da na faɗa ya fito tamkar "ai dama na san za a rina". Ka ji fa. Ga mace tana neman a lallashe ta.

A makaranta abin da aka nuna mana shi ne biro a hannu "this", littafi can kan tebur "that", shi ke nan. Ba wanda ya ce ita ma magana nuna ta ake yi. Mu kuma a Hausa ba mu da takwarar "it", ko shi ko ita ne, sai in riƙa jefa ta duk inda na ga gurbi. Yaya ya ƙara da cewa ko mutum za ki gabatar, "this is my sister" ake farawa da shi, sai daga baya "she" ta shigo. Wannan kam na sani, amma na ƙyale shi ya more.

Auta har yanzu tari. Wankin yana nan yana jirana.

Sau uku ina rubuta wa Madam saƙo ina gogewa. Na maƙale a kan "sorry about", na rasa wacce zan sa. Na sa "that" na tura. Ta karanta tun ƙarfe 9, shiru.