Yarinya ɗaya, ofis-ofis, kowa sai ya ce ta faɗi daga farko

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a aikin nan namu na lakwal, yau dai sai na amayar da shi. Duk ranar da aka gane an taɓa yaro, ko fyaɗe ne ko irin dukan nan da ya wuce tarbiyya ya zama mugunta, ku zauna ku ƙirga mutum nawa yaron zai buɗe wa baki kafin maganar ta kai gaban alƙali. Uwa ta tambaya, gwaggo ta tambaya, uba ya dawo daga kasuwa a sake daga farko, a ɗunguma wurin mai unguwa zaure cike da maza, daga nan kwamisariya ko jandarma, su rubuta takarda a tafi likita, can ma a tambaya, a karɓo satifika a dawo, sannan a ce sai jastis. Kuma duk inda aka je magana ɗaya ce, "to ɗiyata faɗa mana abin da ya faru". Manya suna zaune kan kujerunsu, yaron da aka cuta shi ke yawon gari cikin rana.

Na taɓa raka wata uwa da ɗiyarta da ke ajina, yarinyar ba ta kai shekara goma ba. Ofishin da muka shiga ƙofa a buɗe take, ga masu jiran takardar ɓatan kati a kan benci sun kasa kunne, ga ƙanen wanda ake zargi tsaye bakin taga. Mutumin da ke rubutawa ba mugu ba ne wallahi, har ruwa ya sa aka kawo mata, amma tambayarsa ta farko ita ce "ke me ya kai ki ɗakinsa?" Yarinyar ta kama bakin hijabin uwarta tana murɗawa tana murɗawa har ya zama igiya, ta ce a hankali "Inna mu tafi gida". Da safe ta ce bayan la'asar ne abin ya faru, a nan ta ce bayan magariba, sai na bakin taga ya ɗaga murya "kun ji ko, ƙarya aka kitsa mata".

To ba ƙarya ba ce. Yaro ba ya riƙe lokaci kamar babba, kuma in ka maimaita masa tambaya ɗaya sau da yawa sai ya ɗauka amsar farko ba ta yi ba, ya canza don ya faranta maka ko don ku ƙyale shi. In ka kira sunan mutum ka ce "shi ne ya yi miki ko?" ka riga ka sa mata suna a baki, gobe lauyan wancan ɓangaren da wannan zai rushe shari'ar gaba ɗaya. Masu horo kan hira da yara cewa suke "ba ni labari", su yi shiru, in ta tsaya su ce "sai me ya faru", ba su cika mata zance. Ga alama abu mai sauƙi, amma gwada ka gani, babba bai iya shiru gaban yaro ba.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A 1985 wani mai gabatar da ƙara a garin Huntsville na jihar Alabama a Amurka, Bud Cramer, ya ga yadda ake wahalar da yara daga ofis zuwa ofis, ya buɗe cibiya guda da ta tara 'yan sanda da likitoci da ma'aikatan jin daɗin jama'a wuri ɗaya. Ƙasar Aisland ta ɗauki tsarin a 1998 ta buɗe gidan da suke kira Barnahus, daga nan ya bazu Turai. Gida ne kamar na kowa cikin unguwa, mutum ɗaya mai horo ke zama da yaron, ana ɗaukar hirar a bidiyo, alƙali da ɗan sanda da lauyan wanda ake zargi suna wani ɗakin suna kallo, in suna da tambaya su miƙa ta hannun mai hirar, shi ya san yadda zai juya ta ta dace da shekarun yaro. Ɗakin duba lafiya yana nan cikin gidan, mai kwantar da hankali ma yana nan. Kada wani ya ce ai wannan sai Turawa masu kuɗi, Ruwanda ta fara nata a 2009 a asibitin 'yan sanda na Kacyiru da ke Kigali, Isange suke ce masa, magani da ɗan sanda da shawarar shari'a duk rufi ɗaya kuma kyauta.

Abin haushin shi ne mu ma ba hannu rabbana muke ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990. Akwai dokar 2014 da ta tsara kotunan yara, akwai alƙalin yara, wanda aikinsa bai tsaya ga yaron da ya yi laifi ba, har da wanda ke cikin haɗari. 'Yan sanda suna da sashen ƙananan yara, ga ma'aikatan kare yara na gwamnati, ga kwamitocin kare yara da aka ce a kafa har ƙauyuka, ga ƙungiyoyi birjik a garin nan kowace da motarta da allonta. Kayan miya duk sun haɗu, tukunyar ce kowa ya ɗora tasa daban. Likita bai san abin da ɗan sanda ya rubuta ba, ma'aikaciyar kare yara sai ta ji labari a gari, mu malamai kuwa da yaron ke wuni gabanmu ba wanda ke ce mana ko uffan, sai mu ga kujera ba kowa.

Sai babbar magana, sulhu. Na san dalilin da ya sa iyaye ke gudun hukuma, mai laifin galibi ba baƙo ba ne, maƙwabci ne ko ɗan uwa ko mai shagon bakin layi, ga tsoron a ce yarinya ta rasa mijin aure, ga dattawa suna "a rufa asiri, Hajiya ki yi haƙuri don zumunci". Amma ga abin da yawancinmu ba mu sani ba, maganin da ke hana kamuwa da sida bayan fyaɗe sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Na hana ciki ga wadda ta balaga iyakarsa awa 120, kwana biyar ke nan. Zaman sulhu kuwa kafin a jira kawu ya zo daga Tasawa, a jira liman ya samu sarari, kwana uku sun tafi. Ko me za a yanke daga baya, likita ne farko, ranar nan, kuma kar a wanke tufafin da ke jikinta. In likita ya duba bai ga rauni ba wannan ba ya nufin ba a yi ba, yara da yawa da aka ci zarafinsu ba a ganin alama a jikinsu, musamman in kwanaki sun ja.

A aji kuma abin yana fitowa ta hanyar da ba ka zata ba. Yaron da ya daina fitsarin kwance tuni ya dawo yi, mai surutu ta koma kurma, wani ya zama mafaɗaci ba dalili, wata in ka ɗaga hannu za ka goge allo sai ta kare kanta. A gida a ce iska ce, a kai ruƙiyya, a lakwal mushe ya ce taurin kai ne ya ɗauko bulala. Ni ban hana addu'a ba, ni ma ina yi, amma a haɗa da tambayar me ya samu yaron nan. Kuma ba mata kaɗai ba, yara maza ma ana yi musu, su ne ma suka fi shiru, balle almajirin da iyayensa ke can ƙauye ba shi da wanda zai kai wa kuka. Ga yaran da suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato tun 2019 suka sauka yankin Gidan Rumji, wasunsu a gabansu aka yi abin da ba ya faɗuwa, ƙarar babura da yawa kawai ta isa ta sa su ruga cikin gero.

In yaro ya zaɓe ki ya gaya miki, kar ki sa salati da kururuwa, zai ɗauka shi ya jawo masifa. Ki ce na yarda da kai, ba laifinka ba ne, ka kyauta da ka faɗa. Kar ki yi masa alkawarin ba wanda zai ji, don dole wani ya ji, ki dai gaya masa wa za ki gaya wa da dalili. Ki rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, ba yadda kika fahimta ba.

Ni ba gini mai bene nake roƙo ba. Ɗaki ɗaya mai ƙofa a cikin likitar uwa da yara, ɗan sandan sashen yara ya zo can cikin farin kaya, ma'aikaciyar kare yara guda ta riƙe fayil ɗin daga ranar farko har hukunci, ita ce za ta kira uwa ta ce ga inda aka kwana. A kuma ware kuɗin mota, don uwar da ta taso daga wani ƙauyen Dakoro ko Mayahi in aka ce mata "ki dawo ranar Litinin" sau biyu, ta sayar da akuya ta zo na farko, na biyun ba za a gan ta ba, a rubuta cewa iyaye sun janye ƙara.