Kwana Goma a Vancouver da Ɗakin Allurar Titin Hastings

Garin kuka ne ya fara jawo mini magana tun kafin in taka ƙasar Kanada. A filin jirgin saman Turai da muka yada zango, wani jami'in bincike ya zaro ƙullin kuka da na yaji da yayata ta ba ni in kai wa ɗanta, ya ɗaga su da yatsu biyu kamar ya tsinci mushe, ya tambaye ni sau uku ko hodar maye ce, bai kuma tsaya jin amsata ko sau ɗaya ba. Sai da na'urarsa ta wanke ni sannan ya turo mini jakar da bayan hannu. Na tuna da wannan mutum bayan kwana uku, ranar da na tsaya a titin East Hastings na birnin Vancouver ina kallon mutane suna zuƙa suna tsira wa kansu allura da rana tsaka, motar 'yan sanda kuma na wucewa a hankali.

Fiye da shekara ashirin ina da kantin magani a Kano, kuma na ga yadda maganin tari mai kodin da tiramol suka cinye samari da matan aure kafin gwamnatin tarayya ta haramta kodin ɗin a 2018. Saboda haka lokacin da ɗan yayata, wanda ma'aikacin jinya ne a can, ya gaya mini cewa hukuma tana da ɗaki inda ɗan ƙwaya zai zauna ya yi allurarsa ma'aikatan lafiya na gadinsa, na ce masa ko dai ƙasar ta haukace ko kuwa shi ne ya fara manta gida. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, gobe ka sa takalmin tafiya."

Daga unguwar Gastown muka taka, inda baƙi ke cincirindo suna ɗaukar hoton wani agogo mai fitar da tururi, inda kuma kuɗin shayi kofi ɗaya zai ciyar da mutum yini guda a Kano. Tafiyar da ba ta kai minti goma ba sai gari ya canza kama. Na ga wani saurayi a tsaye ya lanƙwashe gida biyu, kansa na neman taɓa gwiwa, bai faɗi ba bai kuma miƙe ba. Yaron nan nawa ya durƙusa ya ƙirga numfashinsa, ya yi masa magana har ya amsa, sannan ya ce mini aikin ƙwayar fentanil ke nan, wanda ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba yake iya tsayar da numfashi. Mutane da dama a titin suna rataye da wata 'yar baƙar jaka, ashe maganin naloksan ne mai farfaɗo da wanda ƙwaya ta sumar, kuma kyauta ake rabawa.

Ɗakin allurar, wanda ake kira Insite, yana lamba 139, ƙofa ce da ba za ka kula da ita ba in ba an nuna maka ba. Ba a barin 'yan kallo su shiga, wanda na ga dacewarsa. Abin da aka bayyana mini shi ne, mutum da kayansa yake zuwa, domin ba a sayarwa ba a kuma bayarwa a ciki. Sabon sirinji da ruwa mai tsabta ake ba shi, ya zauna a gaban madubi inda ma'aikaciyar jinya ke hango shi, idan ya sume a sa masa iskar numfashi ko naloksan. A saman benen akwai sashen da mai son dainawa zai kwanta. An buɗe shi a 2003, shi ne na farko da doka ta amince da shi a Arewacin Amurka, ko da yake birnin Bern na Switzerland ya riga su tun 1986.

Siyasar abin kuwa a kan tabarmar cin abinci na same ta. Wani Alhaji ɗan zangon Kumasi mai tuƙa tasi ya gayyace mu gidansa ranar Juma'a, matarsa ta yi mana tuwo da kukar nan da ta sha tuhuma, ya kuma rantse ba zan biya kuɗin mota ba muddin ina garin. Shi ɗan goyon bayan jam'iyyar Conservative ne ba ɓoye-ɓoye. Ya ce, "Malam, shekara ashirin da ɗaya ana wannan abu, kai ka ga titin da idonka, ya yi kama da wurin da aka warke?" Ya yaba wa jagoran jam'iyyar, Pierre Poilievre, wanda ya kira irin waɗannan wurare matattarar 'yan ƙwaya, ya kuma ba ni labarin yadda mutanen Richmond, birnin da ke maƙwabtaka da Vancouver, suka cika zauren majalisar birni a farkon 2024 suna ihu har maganar buɗe irinsa a can ta mutu.

Ɗan yayata ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Baba Alhaji, gawa ba ta zuwa asibitin gyaran hali." Ya kawo binciken da mujallar Lancet ta buga a 2011, wanda ya nuna mace-macen ƙwaya sun ragu da kashi 35 cikin ɗari a kewayen wurin bayan buɗe shi, alhali a sauran birnin kashi 9 ne kawai. Ya ce gwamnatin Stephen Harper, firaministan Kanada na lokacin, ta so rufe shi, amma a watan Satumban 2011 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka yanke cewa hana shi izini tauye haƙƙin rayuwa ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rigimar ba ta bin layin jam'iyya yadda na zata. Philip Owen, magajin garin da ya tsaya kai da fata aka share fagen buɗe wurin, ɗan ɓangaren 'yan kasuwa ne masu ra'ayin riƙau. David Eby kuwa, firimiyan lardin British Columbia da Vancouver ke ciki, daga jam'iyyar NDP mai ra'ayin sauyi, gwamnatinsa ce ta fara gwajin daina kama mai ɗauke da ƙwaya giram 2.5 ko ƙasa da haka a Janairun 2023, shi ne kuma ya koma ya roƙi gwamnatin tarayya a 2024 ta mayar da haramcin sha a bainar jama'a da ƙorafi ya yi yawa. Lardin da bai kai jihar Kano yawan jama'a ba ya binne mutum fiye da 2,500 a 2023 saboda gurɓatacciyar ƙwaya, kuma kowane ɓangare da wannan adadin yake kafa hujja.

Ni dai na ba Alhaji gaskiya a kan titin, domin ba zan so jikata ta bi ta wurin zuwa makaranta ba, kuma tsarin da hukumomin birnin suka zana mai shika-shikai huɗu, wato rigakafi da magani da doka da rage cuta, na ga kamar na ƙarshen ne aka ɗora wa kayan sauran. Amma ban iya zagin ɗakin ba. Da na buɗe baki zan ce mu a gida ba ma lallashin ɗan ƙwaya, sai na tuna da mutum kusan 300 da aka fitar daga wani gidan mari a Kaduna a 2019, wasunsu da sarƙa a ƙafa, da iyayen da ke zuwa kantina suna raɗa mini ko akwai allurar da za ta kwantar da yaro a ɗaure shi. Na ci gaba da cin tuwona.

A Toronto kwana biyu na yi. Can ma zancen ke nan, domin gwamnatin Doug Ford, firimiyan lardin Ontario da Toronto ke ciki, ta sanar a watan Agustan 2024 cewa za ta rufe duk irin wannan wuri da ke cikin mita 200 daga makaranta ko gidan rainon yara. Sanyi ya fara shigowa, na sayi rigar da ba zan taɓa sawa a Kano ba. A jakata ta dawowa akwai 'yar baƙar jakar naloksan da yaron ya ba ni, wadda babu jami'in da ya tambaye ni a kanta.