Yadda hunturu ya fasa min akusan bikin ƙanwata

Har yau in na shiga rumfarmu na hango akushin nan da ya tsage a saman kanta sai naji raina ya sosu. Ni na hana a jefar dashi, shi kaɗai na bari cikin guda 9 da suka lalace, sauran an hura wuta dasu.

Mu dai sha'awa ce ta haɗamu da tanin ɗin katako, wato sassaƙa itace yana juyawa a kan inji, ba sana'a ba, akwai malamin makaranta cikinmu akwai mai shago akwai direba, duk Asabar muke haɗuwa bayan shagon wani kafinta can wajen unguwar Fadaman Mada a Bauchi tun hantsi har a kira la'asar. Inji biyu garemu, ɗaya tsoho ne muka saya hannu, ɗayan mai walda ya haɗa mana da motar injin markaɗe, in an ɗauke wuta muyi karo-karon man janareta. Akwai wani dattijo cikinmu da muke kira Baba, gidansu gidan masassaƙa ne, da gizago ya tashi a hannunsa kafin ya taɓa ganin inji.

To bara ƙarshen damina iska ta kada wani ƙaton maɗaci a gonar kawuna ta hanyar Dass, yace in ina so inzo in kwasa. Na samo mai injin yanka ya daddatsa min muka loda a akori-kura. A lokacin ne aka sa ranar ƙanwata, Disamba, sai nace ai shikenan ga abinda zan mata, akusa 12 manya da ƙanana a jera mata a ɗaki, abinda ba kuɗi ne ya saya ba hannun yayanta ne yayi. Na faɗawa Umma, ita kuma don murna ta faɗawa duk dangi. Wannan faɗar da nayi tun ban gama ba ita tafi ci min rai daga baya.

Duk wanda ya taɓa ɗora ɗanyen itace a inji yasan daɗinsa. Cizal, ƙarfen sassaƙar, shiga yake kamar cikin sabulu, sassaƙen na fitowa dogo dogo yana nannaɗewa a wuyan hannu, babu ƙura babu zafin ƙarfe. Ruwa har fallatsa yake, gaban rigata ya jiƙe, jikin kwanon da ke bayan injin ma sai da yayi layi na jan ruwa daga sama har ƙasa. Ni a lokacin daɗi nake ji wai aiki na gudu. Baba ya tsaya yana kallo, ya ɗauki sassaƙen ya matsa a hannu, yace "ɗan nan, itacen nan da ransa fa, bar masa kauri ka ajiye shi." Nace "Baba biki saura wata biyu." Yace "to shi itacen yasan da biki ne?" Aka yi dariya, na cigaba da abina.

Ba ɗanyantakar kaɗai ba, har yankan ma na ɓata. Saboda ina son manya masu faɗi sai nasa aka yanko min gungumen a kwance kamar faifai, zuciyar itacen tana tsakiyar gindin akushi daidai. Guda 3 ne kawai ƙanana na fitar daga wani guntu da ya riga ya dare biyu wajen faɗuwa. Na sirantasu duka har leɓen bai kai rabin inci ba, na goge da samfefa, na shafa kakin zuma, wallahi in ka gansu a ranar jajur suna sheƙi zaka ce a kanti aka sayo. Sai kuma na jerasu a baranda wai su sha iska su ƙarasa bushewa, a ƙarshen Nuwamba, a garin Bauchi, daidai sanda iskar hunturu ta fara busar da leɓe da diddige.

Dare na uku ina kwance naji ƙas! kamar an karya kara. Na zaci ɓera ne. Can anjima na sake ji. Da asuba na fito da tocila, babban cikinsu ya tsage daga tsakiya har baki, tsagar da yatsana ke shiga. Kafin sati ya zagayo 9 sun tafi, kuma kowanne daga wuri ɗaya ya fara, daga zuciyar nan ta tsakiya.

Sai bayan nan na zauna Baba ya min bayani na saurara da kunne biyu. Itace in yana bushewa ƙanƙancewa yake, amma ba daidai yake ja ta ko'ina ba, jan da yake ta zagayen zobban da ke kewaye da zuciyarsa ya kusa ninka wanda yake daga bawo zuwa ciki, ta tsayi kuwa kusan baya motsi. To in ka bar zoben a rufe da zuciya a tsakiya ina zai je, dole ya yage. Ga shi ruwan yafi saurin fita ta bakin yanka, waje ya bushe ya takure ciki na nan a kumbure, hunturu kuma sai ya maida aikin wata shida na kwana uku. Ƙananan nan 3 da basu da zuciya karkacewa kawai sukayi suka zama kamar ƙwai, basu tsage ba. Yace mahaifinsu ko muciya zai sassaƙa sai ya tsaga itacen ya kauce wa tsakiya, kuma a inuwar zaure yake ajiyewa.

Ranar jere ukun nan na kai. Ƙanwata ta karɓa tace "Yaya ai sun isa, Allah ya saka da alheri", bata ƙara komai ba, amma naji wata gwaggonmu na tambayar Umma ina sauran da akace. Na fita waje kawai.

Ragowar maɗacin da yake gona na koma na ɗauko, wannan karon kowane gungume sai da na tsaga shi biyu na cire zuciyar, na shafe bakin yankan da farin gam na kafinta. Nayi tanin na farko na bar kauri kashi ɗaya cikin goma na faɗin, mai inci 10 na bar masa inci 1, don in ya karkace a samu abin gyarawa a zagaye na biyu. Na zubasu a kwali da sassaƙensu na tura ƙarƙashin gado. Dan Allah kar wanda yasa a leda ya ɗaure, ɗaya daga cikinmu yayi haka fumfuna ta ɓata masa. Duk Juma'a ina kaiwa wajen mai shagonmu ya ɗora a sikeli in rubuta da fensir a gindin kowanne, sai nauyin ya tsaya cak sati uku a jere sannan ake maida shi inji.

Babban ya fara da kilo 2.4, Juma'ar da ta wuce 1.7 ya nuna, wancan satin ma 1.7. Na kira Baba a waya ina murna nace ko in ɗora ranar Asabar, yace in ƙara sati ɗaya. Na maida kwalin ƙarƙashin gado.