Juma'a a Guangzhou: kuɗin Kawu a lalita, nawa a waya

Juma'a, unguwar Xiaobei, bayan isha'i.

Kawu ya fara zuwa Chaina tun zamanin da 'yan Kantin Kwari ke shigowa da dala ɗaure a ƙugu, amma rabonsa da garin nan tun kafin korona. Jiya ya sha zama a banki, aka kwafi fasfo, aka cike takardu, ya fito da jajayen takardun yuan, kuɗin ƙasar, masu hoton Mao, tsohon shugabansu, ɗari-ɗari zalla. Babu takardar da ta fi ɗari girma a ƙasar nan, kuma ɗarin ba ta wuce wajen dala goma sha huɗu ba, don haka kuɗi kaɗan sai su kumbura lalita. Shi dai hankalinsa ya kwanta. Ya ce kuɗin da bai taɓa da hannu ba, ba nasa ba ne tukuna.

Mun karya kumallo a shagon Musulmin Lanzhou da ke bakin layi, masu taliyar da ake ja da hannu da romon naman shanu. Kwano biyu da ƙwai, yuwan 36. Na ɗaga waya, Kawu ya dafe hannuna.

"Ajiye abin nan, ɗan nan. Ina zaune za ka biya mini abinci?"

Ya miƙa ɗari. Matar ta kalli takardar, ta jawo aljihun tebur, ba komai ciki sai biro da roba. Ba ta ƙi karɓa ba, domin ƙin karɓar tsabar kuɗi laifi ne a nan, babban bankinsu yana cin tarar masu yin haka. Sai ta aiki yaronta maƙwabta neman canji. Muna tsaye mutane na shigowa, kowa ya haska wayarsa a kan lambar nan mai zanen murabba'i da ke manne a bango, wata 'yar lasifika ta faɗi adadin da ya shiga, ya wuce abinsa. Mun kai minti goma kafin yaron ya dawo da goma-goma da biyar-biyar da sun sha jiki.

Ni kuwa katina na dala bai fito daga walat ba tun da na biya kuɗin otal. Yawancin shaguna ba su da na'urar zura kati, waɗanda ke da ita kuma galibi UnionPay ta sani, katinsu na gida. Amfanin Visa ko Mastercard a garin nan shi ne ka ɗaura shi a Alipay ko WeChat Pay, manhajojinsu na biyan kuɗi ta waya, ya koma bayan fage, wayar ta riƙa yi masa magana. Tun watan Yulin 2023 aka sauƙaƙa wa baƙi wannan. Na ɗaura nawa tun ina Kano, saboda lambar sirrin da banki ke turowa kan layin gida take zuwa, kuma ba kullum saƙon ke tsallako teku a kan lokaci ba. Katin naira ma yanzu yana aiki a waje, bankuna sun sake buɗe shi a tsakiyar 2025 bayan shekarun da suka rufe, sai dai da iyakar abin da za ka kashe, kuma farashin canjin sai bayan an cire kake ganinsa. Shi ya sa na fi natsuwa da asusun dala.

A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa canjin matar nan ya yi rana. Na'urar tikiti ba ta cin ɗari, sai biyar, goma ko ƙwandala. Kawu ya zura goma, ta tofo masa ɗan faifan roba da ragowar canji. Ya dube ni, bai ce komai ba, amma na gane.

Kasuwar yadi ta Zhongda ba a gama ta a yini guda, ban ma yi niyya ba. Wajen masu leshi muka nufa tare da yaron da ke mana tafinta, ɗan Zinder ne da ya yi karatu a nan ya zauna. Mun zaɓi samfura na yuwan 860. A nan lissafi ya juya. In ka biya da katin waje ta manhaja, daga yuwan 200 zuwa ƙasa ba a cajin komai, abin da ya haura kuwa ana ɗora kashi uku cikin ɗari. Wato wajen yuwan 26 a banza, kuɗin kwanon taliya da shayi, ban da abin da bankina zai yanka nasa. Na ce, "Kawu, ku biya wannan, ni na riƙe ƙananan." Ya yi murmushin wanda aka zo gidansa. Mai shagon ya zaro na'urar ƙirga daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙurar da ke kanta, ya bi takardun sau biyu don gudun jabu.

Da muka fito, mai keken da ya kai mana kayan bakin titi ya nuna lambarsa ta kansa, ba ta shago ba. Katin waje ba ya tura wa mutum kuɗi kai tsaye, sayayya kawai yake yi. Shi kuma ya ce ba shi da canjin hamsin. Tafinta ya biya shi daga wayarsa, Kawu ya ba tafinta takarda. Na lura yaron nan duk yini aikin da yake yi ke nan bayan fassara: canji yake yi tsakanin duniyar Kawu da ta mutanen gari.

Sallar Juma'a a masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu muka yi, wanda ake dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Mutanen nan sun yi imani kabarinsa ne a ciki, ko da yake abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne a kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a. Allah ne masani. Abin da ido ya gani dai shi ne sahu ya haɗa 'yan Mali, 'yan Yaman, 'yan Pakistan, 'yan ƙabilar Hui, Musulmin Chaina, da fararen hulunansu, da mu. A waje kuma kasuwar abinci ta ci, hayaƙin tsiren rago na 'yan ƙabilar Uigur ya turnuƙe, ga gurasa mai zafi jibge. Har wani dattijo mai bara na gani da lambar a rataye a wuya. A nan kam ina bayan Kawu. Sadaka ta waya tana barin sawu, da lokaci da adadi, ni kuwa na fi son wadda za a dunƙule a hannu a saka, a wuce.

Wajen tsiren ne bankina ya yi mini tsiya. Na haska, aka ce an ƙi. Na sake, haka. Sai ga saƙo cewa an dakatar da katin don ana zargin ba ni ba ne. Ƙarfe biyu na rana a nan, bakwai na safe a Kano, ba wanda ya buɗe ofis. Ga batirin waya ya yi ja. Akwai akwatunan hayar batiri a ko'ina, amma su ma sai ka haska ka biya kafin su saki ɗaya, wanda wayarsa ta mutu ba shi da rabo. Mai tsire yana jira, na baya suna jira. Kawu ya ciro hamsin a hankali, kamar mai ba da kyautar sallah. Sai bayan la'asar na samu wani a bankin ya buɗe katin, bayan tambayoyi har da sunan mahaifiyata.

Babban abin da ya kawo mu shi ne kafin alƙalamin kwantena, kashi talatin cikin ɗari, sauran sai an gama kaya kafin lodi. Wannan ba na kati ba ne, ba na lalita ba. Dokar kwastan ɗinsu ma ta ce in kuɗin waje da ke jikinka sun haura dala 5,000 sai ka bayyana, yuwan kuma ba a shiga ko fita da fiye da 20,000. Akwai hanyar hukuma: a buɗe Form M, takardar shigo da kaya Najeriya, a banki, har akwai yarjejeniyar musayar kuɗi da babban bankin Najeriya ya ƙulla da na Chaina a 2018, ta yuwan biliyan 15, don a riƙa biya ba tare da an bi ta dala ba. Amma ɗan kasuwa mai kwantena ɗaya, wanda masaƙa ta ba wa wa'adin Litinin, da wuya ya jira takardu. Abin da aka saba shi aka yi. Da ƙarfe uku ta yi a nan, takwas a gida, babban ɗan Kawu ya tura naira ga wani ɗan canji da suka daɗe suna hulɗa, abokin hulɗarsa na nan ya saka yuwan a asusun masaƙa. Muna zaune a ofishinsu muna kurɓar shayi a 'yan kofunan nan da ba sa kashe ƙishi, wayar manajan ta yi ƙara, ya gyaɗa kai.

Ban ji daɗin wannan hanya ba, kuma na faɗa wa Kawu. Babu takardar da za ka kai kotu, sai hoton rasit a WhatsApp, wanda shi ma ba ya buɗuwa a nan sai da dabara. Manajan da kansa ya ja kunnenmu cewa in kuɗi suka fito daga asusun da 'yan sanda ke bincike, nasa asusun za a rufe, kayanmu su maƙale. Kawu ya ce ya san uban ɗan canjin, ya san gidansu a Fagge, ya je sunan 'ya'yansa. Abin mamaki, mutumin da bai yarda ya saka yuwan 36 a waya ba, shi ne ya tura miliyoyi a kan kalmar baki, ko gezau. Na faɗa masa haka. Ya ce waya ba ta da gidan da za a je a yi mata sallama.

Da daddare na shiga ƙaramin kanti na sayi batirin ajiya, na kuma roƙi Kawu ɗari uku na farfasa su goma-goma da ashirin-ashirin, ina sayen ruwa a nan, ayaba a can. Gobe Foshan za mu, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kaiwa har can. Mun zauna mun yi lissafin yini a bayan rasit: ina binsa kuɗin mota da ruwa, yana bina tsire da ɗari ukun nan. Ya ce na tsiren ya yafe, ɗari ukun kuwa a Kano zai karɓa, da naira, a farashin ranar da muka sauka.